Yadda za ka kauce ma kuskure wajen gano peptid a labo

Salamu alaikum ƙannena masu karatun kimiyyar rayuwa da masu sitaj a labo, musamman ku da ke shirya samfur a nan Damagaram ku tura waje a auna muku. Ina so mu yi maganar inda kuskure ke shigowa in ana son gano wane peptid ne ke cikin samfur, don takardar sakamako in ta dawo da sunaye reras da lambobi masu kyau sai mutum ya ɗauka magana ta ƙare, alhali ita na'urar awo kawai ta sani. Ga yadda abin yake a gurguje. Furotin jerin amino asid ne, iri 20 aka saba da su, sai a sa enzim, yawanci tirifsin, ya daddatse shi, gutsattsarin nan su ne peptid. A tura su cikin kolon, wani siririn bututu mai rarrabe su, su dinga fitowa bi da bi, na'urar awon nauyin ƙwayoyi da ake ce ma sifektirometa ta auna kowane, ta farfasa shi ta sake auna ɓaraguzan, ta fitar da zane mai tsinaye. Sunan da kake gani a takarda kuwa ordinata ce ta duba rumbun bayanai ta zaɓo wanda ya fi kama da zanen. Daga hannunka har zuwa ordinatar nan ko'ina ana iya samun matsala.

Kuma kar ka ce wannan matsalar talakan labo ce. A 2009 mujallar Nature Methods ta buga wani gwaji da ƙungiyar HUPO ta masu binciken furotin ɗin ɗan adam ta shirya, an haɗa furotin 20 na ɗan adam da aka tace sosai aka raba ma labo 27, aka ce kowa ya faɗi abin da ke ciki. Labo 7 kawai suka faɗi duka 20 ɗin daidai a karon farko. Da aka karɓi ɗanyun bayanan kowa aka sake bincike wuri guda sai aka tarar ashe na'urorinsu duka sun ga furotin ɗin, wajen bincike a rumbu da fassara ne aka yi ta tuntuɓe. To in manyan labo masu kayan aiki haka ta faru da su, mu da ke aiki cikin ƙura da zafin bazara sai mun ninka kula.

Fara da jikinka. Babban abin da ke ɓata samfur shi ne keratin, furotin ɗin fata da gashi, kuma kullum zuba yake daga jikinmu ba mu gani. Lokacin hunturu abin ya fi muni, fata ta bushe tana gari, buji na shigowa ta ƙasan ƙofa da gefen taga, da safe ka shafa yatsa kan tebur ka ga layi, ga kuma rigar sanyi ta ulu da mutum zai sako, ita ma keratin ce ta tumaki. In ka bar tib a buɗe minti kaɗan ya isa. Illarsa ba wai ya fito a sakamako ba ne kawai, na'urar tana zaɓen tsinayen da suka fi tsawo ta farfasa, in keratin ya cika wuri sai ta ɓata lokacinta a kansa, ɗan peptid ɗin da kake nema ya wuce ba ta taɓa shi ba. Don haka safar hannu ta nitiril marar hoda, ka canza ta duk lokacin da ka taɓa waya ko fuska ko hannun ƙofa, ka rufe kai da gemu, rigar labo mai dogon hannu, a kashe fanka lokacin yankan jel ɗin da ake rarrabe furotin a ciki ko da gumi zai jiƙa ka, ka goge tebur da alkol, reza sabuwa ga kowane yanka. Kar ka sunkuya kan jel kana hira.

Na biyu sabulu da man shafawa. Kwalbar da aka wanke da omo ko sabulun ruwa, da man da muke shafawa a hannu saboda kaushi, da sinadaran wanki na labo irin su Triton X-100 da Tween, duk suna barin wani abu da ake ce ma PEG ko danginsa. Gane shi ba wuya, za ka ga tsinaye a jere tazarar nauyi tsakanin kowane da na gaba 44.026, sun mamaye zanen sun danne komai. In ka ga haka kar ka wahalar da kanka da ordinata, samfurin ne za a sake. Ka ware kwalabe na wannan aikin kaɗai waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba, ɗauraya da metanol ko asetonitiril da ruwa mai tsabta ya isa. Ruwan ma ba na famfo ba, ba na leda ba, na labo mai daraja ta HPLC. Gishiri na danne siginal, sodiyom kuma in ya maƙale ma peptid yana ƙara mashi 21.982, sai ordinata ta kasa gane shi ko ta ba shi sunan wani.

Yanzu zafi, kuma nan nake so ku tsaya da kyau don shi ne abin da takardun aikin da muke saukowa daga intanet ba su faɗa mana. In takarda ta ce a bar samfur a zafin ɗaki, wanda ya rubuta yana nufin digiri 20 zuwa 25. Ɗakinmu a watan Afrilu da Mayu in kuran ya ɗauke kilim ya tsaya yana iya kusantar 40. Ɗauki yuriya, wadda ake narkar da furotin da ita, yawanci mola 8. In ta ji zafi ko ta kwana a narke tana sakin asid izosiyanik, shi kuma ya kama bakin peptid da amino asid lizin ya ƙara musu nauyin 43.006. Lizin da aka kama haka tirifsin ba ya yanka wurin, ka ga ɓarna biyu kenan, nauyi ya canza, wurin yanka ya ɓace. Saboda haka a haɗa yuriya ranar da za a yi aiki da ita, kar ta wuce digiri 30, in babu hali ka sa tib ɗin cikin kwanon ruwa mai sanyi da termometa a ciki, ko ka yi aikin bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Kafin a zuba tirifsin a tsinka ta ta sauko ƙasa da mola 2 don ba ya aiki sosai cikin mai kauri.

Haka amino asid asfarajin, musamman in gilisin ke bin ta, tana rikiɗa ta koma asfartik in samfur ya daɗe cikin ɗumi a pH wajen 8, irin na amoniyom bikarbonat da muke narkarwa a ciki, nauyi ya ƙaru da 0.984. Mutum zai gani ya ce ya gano wani canji da jiki ke yi, alhali a kan teburinsa abin ya faru. Metiyonin kuma iska ce ke kama ta, ƙarin 15.995. Maganin duka biyun kar a ja lokaci, yankan tirifsin na kwana ɗaya a digiri 37 bayan an tsinka yuriya ya isa, da safe a tsayar da shi da asid formik pH ya sauko ƙasa da 3, kar a ce bari sai an dawo daga kasuwa.

Sai iyodo-asetamid da ake rufe amino asid sistayin da shi bayan an sa DTT, sinadarin da ke kwance ɗaurin da ke tsakanin sistayin biyu. Haske na lalata shi, to a auna shi nan take, a naɗe tib da takardar aluminiyom, minti 20 zuwa 30 cikin duhu. In ya yi kaɗan wasu sistayin za su zauna a buɗe ordinata ta neme su da ƙarin 57.021 ta rasa. In ya yi yawa ko ya daɗe ko ɗakin ya yi zafi sai ya fara kama lizin da histidin da bakin peptid. Abin da ya fi ban tsoro, in biyu suka hau kan lizin guda ƙarin ya zama 114.043, daidai da alamar gilisin biyu da ubikitin, wani ƙaramin furotin mai maƙale ma wasu furotin, ke bari, wato za ka iya rubuta cewa furotin ɗinka ubikitin ya kama shi alhali sinadarinka ne. Masu neman ubikitin da yawa sun koma kuloro-asetamid saboda wannan.

Maganar firiza kuwa kowa ya san halin da ake ciki. Kuran ya ɗauke, samfur ya narke, gurup ya tashi, ya sake daskarewa, kai ba ka ma sani ba don cikin dare aka yi. Duk narkewa enzim ɗin da ke cikin samfurin kansa suna farkawa su yi yanka inda suka ga dama, sai a samu peptid masu bakin da ba na tirifsin ba, ordinata kuma an ce mata ta nemi na tirifsin kawai. Ka raba samfur ƙanana-ƙanana tun ranar farko don kar ka dinga narkar da babba, ka sa su can ƙasan firiza tsakanin robobin ƙanƙara. Ga wata dabara mai sauƙi, ka daskarar da ruwa rabin tib a tsaye sannan ka kifa shi ka ajiye kusa da samfur, ranar da ka tarar ƙanƙarar ta sauko wajen marfi ka san an narke. In jini ne a raba ruwansa da wuri, wanda ya yi ja saboda ƙwayoyin sun fashe a ajiye shi gefe, kuma ka sani albumin kaɗai ya kai rabin furotin ɗin ruwan jini, yana rufe ƙananan. Tib ma a nemi wanda peptid ba ya manne ma bangonsa, in samfur ɗan kaɗan ne roba na iya shanye rabonka.

Shi kansa tirifsin ba ya da tabbas ɗari bisa ɗari. Ƙa'idarsa yana yanka bayan lizin da arjinin sai in furolin ke biye, amma yana tsallake wasu wuraren, musamman inda lizin da arjinin suka jeru ko asfartik da gulutamik suka kewaye wurin. Kuma yana cin kansa, na alade da aka fi sayarwa za ka ga tsinayensa a 842.51 da 2211.10, ka haddace su don kar wata rana ka yi murna da su. Awo kashi 1 na tirifsin ga kashi 50 na furotin shi ne aka saba.

Aikawa: daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kwali a cikin kar ko saman kaya cikin rana, balle a ce daga can jirgi zai ɗauka. Samfur mai ruwa cikin kula da ƙanƙarar leda ba zai kai ba. In da hali a cire gishiri da ɗan tsinken tacewa na C18 a busar da peptid ƙayau, ko a aika yankan jel, busasshe ya fi jure hanya nesa ba kusa ba. Ka tambayi masu karɓa yadda suke so kafin ka fara aikin ma. Lambar tib a rubuta gefe da marfi da alƙalamin da alkol ba ya gogewa, don musanyar tib kuskure ne da babu ordinatar da za ta kama.

Abin da ke faruwa cikin na'ura ba a hannunka yake ba amma kana da bakin tambaya. Kolon na riƙe ragowar samfurin da ya gabata ya sako shi cikin naka, to ka tambaya me aka auna kafin naka, an kuma sa wofi, wato ruwan da ba furotin a ciki, a tsakani ko ba a sa ba. Ka tambayi ranar da aka daidaita awon na'urar, don zafin ɗaki na sa awo ya goce. Sannan wani lokaci peptid biyu masu kusan nauyi ɗaya suna fitowa tare a farfasa su tare, zanen ya zama gauraye. Kai ma daga nan ka haɗa naka wofin, tib da ya bi duk matakan da samfur ya bi, ruwa ɗaya sinadari ɗaya hannu ɗaya, sai dai ba furotin a ciki. Duk abin da ya fito a wofi ba naka ba ne. Ni a ganina wanda ya aika samfur goma ba wofi gara ya aika tara da wofi ɗaya.

Akwai kuma inda awo kansa ya gaza. Lusin da izolusin nauyinsu ɗaya ne cif, 113.084, farfasawar da aka saba ba ta raba su. Gilisin biyu a jere nauyinsu daidai da asfarajin ɗaya, gilisin da alanin daidai da gulutamin. Lizin 128.095 gulutamin 128.059, tazarar 0.036 ce, tsohuwar na'ura ba ta gani. Metiyonin da iska ta kama 147.035, fenilalanin 147.068. Ƙarin fosfat 79.966, na sulfat 79.957. Wanda ya fi kama mutane shi ne 0.984 ɗin can na asfarajin, don kowane peptid yana da tsini na biyu na karbon 13 da ke gaba da 1.003, in na'ura ta ɗauki na biyun a matsayin na farko sai ordinata ta cike giɓin da cewa asfarajin ta rikiɗa. Bambancin 0.019 ne, a peptid mai nauyin 2000 wajen kashi 10 cikin miliyan kenan, in an buɗe ma ordinata ƙofar kuskuren awo fiye da haka za ta haɗiye.

To rumbun bayanai, wanda a wurinmu shi ne babban rami. Manhajojin nan, SEQUEST da ta fito a 1994, Mascot a 1999, MaxQuant a 2008, duk abin da ke cikin rumbun da aka ba su kaɗai suke iya faɗa. Kamar ka kawo baƙo daga Tanut ka tsayar da shi gaban mai unguwar Birni ka ce lalle sai ya faɗi ɗan wane gida ne a unguwar, zai dube shi ya nuna gidan da suka fi kama, ga amsa ka samu amma ba gidansu ba ne. Mu kuma abubuwan da muke bincike, dafin kububuwa da kasa da kunama, zogale, aduwa, nonon raƙumi, irin gero da wake na gargajiya, da yawansu ba a rubuta furotin ɗinsu sosai a babban rumbun UniProt ba yadda aka rubuta na mutum da ɓera. Gero ma sai 2017 aka buga jerin ƙwayoyin halittarsa, kuma irin da aka yi aikin a kai ba lalle ya zama daidai da na gonar kakanka ba, amino asid ɗaya ya canza nauyi ya canza. Saboda haka ka faɗa ma mai binciken ainihin sunan halittar na kimiyya, ka tambayi wane rumbu ya sa da ranar da ya sauko shi da yawan abin da ke ciki. In na halittarka ƙarami ne a haɗa da na danginta, a kuma gwada karanta jerin kai tsaye daga zanen ba tare da rumbu ba sannan a kwatanta. Lalle a saka jerin ƙazantar da aka sani, akwai wanda ake kira cRAP mai keratin da tirifsin da albumin na shanu da kazein, don in ba su ciki zanensu zai je ya maƙale ma wani furotin naka.

Kar kuma ka ce a nemo maka duk canjin da ke duniya. Duk canjin da ka ƙara yawan ƴan takara na ninkuwa, damar dacewar banza na ƙaruwa. Sistayin mai 57.021 a matsayin tabbatacce, metiyonin mai iska da asetil na bakin furotin a matsayin mai yiwuwa, tsallaken yanka har 2, ka fara da wannan.

Za ka ga an rubuta FDR 1%, wato kimanin kashin ƙarya cikin amsoshin da aka ba ka. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Elias da Gygi suka bayyana a 2007, a juya jerin furotin baya-baya a yi rumbun bogi a haɗa da na gaske, yawan da ya faɗa na bogi shi ke nuna kimanin ƙaryar da ke cikin na gaske. Ma'anarsa in an ba ka amsa 10,000 to wajen 100 ƙarya ne kuma ba a san waɗanne ba. Sannan 1% a matakin zane ba 1% ba ne a matakin furotin, na furotin yakan fi haka yawa, don na gaskiya suna taruwa kan furotin kaɗan na ƙarya kuma suna warwatsuwa kowane ya ɗauko sabon suna. Ka tambaya a wane mataki aka yanke. In rumbun ɗan ƙarami ne ko zanen kaɗan ne lissafin ma ba ya tsayawa da kyau.

Da sakamako ya iso, wallahi kar ka fara da sunan da ya fi burge ka. Fara da wofi, ka goge duk abin da ke ciki daga jerinka. Ka dubi kashi nawa na zanen aka iya ba suna, in kaɗan ne ƙwarai to ko rumbu ne bai dace ba ko samfur ya lalace. Ka ware furotin da peptid ɗaya tak ya tsaya masa, waɗannan sai an buɗe zanensu an gani da ido: manyan tsinaye duk an bayyana su ko an bar su ba suna, ɓaraguzan b da y, wato na gefen farko da na gefen ƙarshen peptid, sun jeru a jere ko tsalle suke, kuskuren awonsa ya bi sahun sauran ko ya fita daban. Ka duba ko peptid ɗin na furotin ɗaya ne ko dangi duka suna da shi, a dafin maciji wannan ya zama ruwan dare don enzim ɗin gida-gida ne masu kama da juna, abin da za ka iya cewa shi ne an ga ɗan gidan kaza. In an ce fosfat na kan serin kaza, a nuna maka ɓaraguzan da suka raba ta da serin ko tireyonin da ke kusa. Kuma ka roƙi ɗanyun fayil ɗin na'ura, haƙƙinka ne, tebur na Excel kaɗai ba ya bari a sake bincike. Ko peptid ɗin kolajen da aka ce an samu a ƙashin dinozor T. rex a mujallar Science a 2007, gardamar da ta biyo baya a kan lissafi ce da neman a saki dukan zanen kowa ya duba.

Sauran hanyoyin ma suna da nasu. Hanyar Edman ta 1950 tana cire amino asid ɗaya-ɗaya daga baki, tana raba lusin da izolusin, amma in bakin a toshe yake da asetil ko gulutamin ɗin farko ta naɗe ba za ta motsa ba, tana son samfur mai tsabta guda ɗaya, kuma bayan 30 zuwa 50 karatun na dushewa. Gwajin ELISA kuma, wanda ke amfani da antikor ya kama furotin ɗin da ake nema, antikor ɗin na iya kama ɗan uwansa, kamar insulin da furo-insulin, kit ɗin da ya sha zafi a hanya kuma ba abin yarda ba ne.

In peptid ɗaya ne duk memuwar ɗinka ta rataya a kansa, a sayi irinsa na haɗi daga kamfani a auna a na'ura ɗaya da kolon ɗaya, lokacin fitowarsu ya zo ɗaya zanen farfasawarsu ya zo ɗaya, in da kuɗi a sayi mai nauyin izotof a zuba cikin samfurin su fito tare. A maimaita da samfur uku da aka shirya daban-daban tun daga farko, ba tib ɗaya a auna sau uku ba. Inda kuma ba a raba lusin da izolusin ba ka rubuta L/I a wurin, ka faɗi rumbun da aka yi amfani da shi da zafin da ɗakin yake ranar da ka narkar.